Akwai manhajar da za ta faɗa mini lokacin sauya giyar Pragya?

Saƙon wannan makon daga wani matashi ne a Aboabo, nan Kumasi, mai koyon tuƙin Pragya, wato keken fasinja mai ƙafa uku. Ga abin da ya rubuto a WhatsApp: "Salamu alaikum Malam. Sati uku ke nan da kawuna ya ba ni Pragya ina koyo. Mastana kullum faɗa yake yi, wai ina kashe inji, ko na sa giya da wuri ko na makara. In na tambaye shi yaushe ne daidai, sai ya ce in saurara. Ba wata manhaja da zan sauke ta riƙa nuna mini lokacin?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a sana'a. Manhajoji kam akwai, iri uku ma na sani, amma kafin ka ƙona datarka bari in gaya maka yadda kowace take aiki.

Wadda aka fi tallatawa a YouTube ita ce mai karanta kwamfutar mota. Ana sayen 'yar na'ura mai suna ELM327, a cusa ta a wata kafa ƙarƙashin sitiyari da ake kira OBD-II, ita kuma ta riƙa aika wa waya bayani ta Bluetooth, manhaja irin su Torque ta nuna juyin inji a minti ɗaya. Tun 1996 Amurka ta wajabta wannan kafa a ƙananan motocin da ake sayarwa can, shi ya sa kusan duk motar da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema take da ita. To amma yawancin Pragya da ke yawo tsakanin Aboabo da Asawase kafireto gare su, wato tsohon tsarin haɗa mai da iska. Ba kwamfutar da za a yi hira da ita, ba kafar da za a cusa komai. In wani ya ce zai sayar maka da na'urar don Pragya, ka ce ya fara nuna maka inda za a jona ta.

Akwai kuma masu auna gudu da GPS. Waɗannan suna aiki, kyauta ne, ba sa ma buƙatar data in an riga an sauke. Aibinsu biyu. Yawancin wayoyi sau ɗaya a daƙiƙa suke sabunta lissafi, don haka lambar da ka gani ta riga ta wuce. Babban aibin kuwa, gudu kaɗai ba ya faɗin giya. A ce kana kilomita 20 a awa, kai kaɗai a miƙaƙƙiyar hanya, giya uku za ta tafi lafiya lau. Ka ɗauki mata uku da buhun doya daga kasuwa, ga hawa a gabanka, wannan gudun dai giya biyu yake nema. Tauraron ɗan'adam bai san nauyin hajiyoyin da ke bayanka ba, kuma Kumasi ba shimfiɗaɗɗen gari ba ne, daga tudu sai kwari.

Ta ukun ce ta fi ba ni sha'awa, har na gwada ta da kaina: manhajar da ke sauraron inji da makirufon waya ta ƙiyasta juyinsa. Dabarar mai kyau ce. Injin Bajaj RE da na TVS King silinda ɗaya ne, wajen cc 200, mai bugu huɗu, wato sau ɗaya yake tashin wuta a kowane juyi biyu. In yana juyi 3,000 a minti, zai tashi wuta sau 25 a daƙiƙa, manhajar ta ƙirga ta mayar da lissafi. In ka bar ta a saitin inji mai bugu biyu, rabin lambar za ta ba ka. Na zauna a kujerar baya ta Pragyar wani maƙwabcina, waya a hannu. A tsaye ƙofar gida, allurar ta natsu. Muna fita titi, ɗan tirotiro, wato direban ƙaramar bas ta haya, ya danna oda, mai wa'azi ya buɗe lasifika, wani aboboya, wato babur ɗin ɗaukar kaya mai ƙafa uku, mai fasasshiyar salansa ya gifta, allurar ta kama rawa kamar an buga mata kalangu. Maƙwabcin nawa ko waiwaye bai yi ba, ya sa uku, ya sa huɗu, yana ba ni labarin ƙwallon Kotoko.

Ga kuma abin da ya fi damuna. A Pragya hannun hagu shi ke matse kuloci, shi ke murɗa giya huɗun nan. Hannun dama na kan totur, ƙafar dama na kan birki. Da wane hannu za ka taɓa waya, da wane ido za ka kalle ta a cunkoson Aboabo Station?

Mastanka bai ɓoye maka komai ba. Ya dai kasa fassara abin da kunnensa ya sani ne. Kuma a nan ne wayarka za ta yi maka amfanin gaske, da manhajar da tun daga kamfani take ciki: mai naɗar murya. Gobe in mastan zai tuƙa, ka nemi izininsa, ka kunna ta, ka jefa wayar a aljihun gaban riga. Minti goma ya isa. Sannan ku sauya wuri, ka naɗi naka tuƙin a hanya ɗaya. Da daddare bayan Isha'i ka sa abin kunne ka saurari biyun a jere.

Za ka ji a nasa sautin yana hawa a hankali, kafin ya kai ga ihu sai ya yanke, ya faɗo ƙasa kaɗan, ya sake hawa. Wurin yankewar nan shi kake nema. A naka kuwa ɗayan biyu za ka ji. Ko injin ya yi ta kururuwa siririya alhali keken ba ya ƙara gudu, ka makara ke nan, mai kake ƙonawa a banza. Ko kuma bayan ka sauya ka ji kaf-kaf-kaf mai nauyi, jiki na karkarwa, ka murɗa totur ba amsa, wato ka yi gaggawa, giyar ta fi ƙarfin gudun. Wannan na biyun masu koyo ba sa jin tsoronsa don ba shi da hayaniya, amma fitocin Suame Magazine, wato makanikan unguwar gyaran motoci ta Kumasi, sun fi kowa sanin abin da yake yi wa inji. Ka maimaita saurare har bakinka ya iya kwaikwayon sautin. In kana son lamba ma, ka ɗauki aboki a baya ya riƙe manhajar GPS, duk sanda masta ya sauya ya faɗi gudun da ƙarfi, muryarsa ta shiga naɗin.

Sauran kuma a hanya ake koyonsa. Ka rage giya tun kana gindin hawa, kada ka jira sai keken ya fara shaƙewa a tsakiya. A gangara kada ka sa firi don tsimin mai, bar shi a giya inji ya taya birki riƙo. Ka saki totur kafin ka matse kuloci, kuma in ka gama sauyawa ka ɗauke yatsunka gaba ɗaya, riƙon rabi da rabi shi ke cinye faifan kuloci. In kuwa ka murɗa giya ta ƙi shiga ko ta fice da kanta, wataƙila ba laifinka ba ne: wayoyin ƙarfe biyu ne ke jan giyar daga hannu zuwa inji, in ɗaya ta saki sai makanike ya ɗaure.

Tambaya ta biyu gajera ce, daga wani mai aboboya a Tafo: "Malam, tun da na ɗaura wayata a kan babur don Google Maps, hotuna suke fitowa dishi-dishi, kyamarar har 'yar ƙara take yi. Bairos ne?"

Ba bairos ba ne ɗan'uwa, girgiza ce. Wayoyi masu tsada suna da ɗan gilashin kyamara da ke lilo a ciki don hana hoto rawa, kuma girgizar inji tana lalata shi. Kamfanin Apple da kansa ya fitar da gargaɗi kan haka a 2021 game da ɗaura iPhone a kan babur. Gogewa ko sake saita waya ba zai gyara ba, sai an canza kyamarar. Bayan gyara ka sayi mariƙi mai roba da ke shanye girgiza, ko ka samu tsohuwar waya mai araha ka bar wa taswira, mai kyan ta zauna a aljihu.