Amsa kan kik ɗin Beetle da ya ƙi kamawa, da yadda ake gano lambar kaya

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, na saurari muryarka kan Volkswagen Beetle ɗin da kake tayarwa, wadda takarda ta ce ta 1966 ce, ka sayo sabon kik (na'urar da ke tayar da injin) ka ɗaura, yana ta gurza ya ƙi kama filawil, wato faifan ƙarfen nan mai haƙora na jikin injin da kik yake juyawa. Ka yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

To, da farko ka ajiye shekarar da ke kan takarda gefe. Tsohuwar mota ba a saya mata kaya da shekara. Motar da ta kusa shekara sittin ta bi hannun makanikai da yawa, ƙila an sauya injin, ƙila an sauya giyabos, wani lokaci bodin ma an ɗora shi ne kan wani shasin. Lambobin da ke jikin ƙarfen su za ka bi.

Ka ɗaga kujerar baya. A kan tudun nan na tsakiya akwai lambar shasi da aka buga. Goge ta da burushin waya a hankali, ka shafa alli, ka share da yatsa, farin zai zauna cikin ramin lambobin su fito ras. Kada ka sa injin gurza, zai cinye su. Idan ta fara da 116, ƙirar 1966 ce. Idan 117 ce, ƙirar 1967. Kuma shekarar ƙira a Volkswagen daga watan Agusta take farawa, wato motar da ta fito a Oktoban 1966 ƙirar 1967 ce, ko da takarda ta ce 1966. Nan mutane da yawa ke faɗawa. Sai ka gwada lambar da ta farantin da ke bayan safayar taya a gaba. In sun saɓa, an yi musanyar bodi. Lambar injin kuma tana ƙarƙashin ƙafar dinamo, ita ma ka rubuta.

Yanzu batun kik ɗin. A daidai wannan tsakanin ne aka fara komawa daga wuta bolt 6 zuwa bolt 12, kuma filawil ɗin ya canza. Na bolt 6 haƙori 109 gare shi, na bolt 12 haƙori 130. Kik ɗin wannan ba ya kama filawil ɗin wancan, ko bushin da bakin kik yake zama a ciki, a jikin giyabos, ba girmansu ɗaya ba. Cire kik ɗin, ka leƙa ta ramin, ka sa wa haƙori ɗaya alamar alli, wani yana juya injin ta fuli kana ƙirgawa har alamar ta dawo. Don Allah ka daina murza makulli kafin ka yi wannan, kowace gurza haƙorin filawil take ci.

Ita lambar kayan Volkswagen tana karantuwa. Guda tara ce, uku-uku. Ukun farko nau'in motar da aka fara yi wa kayan, kamar 111 ko 113. Ta huɗu ita ce rukuni: 1 injin, 3 giya, 6 birki da ƙafafu, 8 bodi, 9 kayan wuta. Harafin da ke ƙarshe, A ko B ko C, yana nuna an yi wa kayan gyara, kuma ba kullum na baya yake shiga gurbin na farko ba, don haka kada ka yar da harafin in za ka yi oda. Kayan da ke da hagu da dama, galibi lambar da ta ƙare da mara ce hagu, cika dama, kuma daga mazaunin direba ake lissafin hagun, ba daga tsaye a gaban mota ba.

Ku kuma masu Mercedes W123, lambar kayanku goma ce bayan harafin A. A lambar shasinku, biyun da ke tsakiya suna faɗin abu muhimmi: 10 sitiyarin hagu da giyar hannu, 12 sitiyarin hagu da otomatik.

Abu biyu ke ɓatar da mutane. Na ɗaya, lambar da ta taso a jikin ƙarfe tun wurin zubi sau da yawa ta zubin ce kawai, ƙarfe ɗaya ana iya sarrafa shi ya fita da lambobi daban-daban. Na biyu, kamfani yakan soke tsohuwar lamba ya maye da sabuwa, har sau uku ko huɗu. Sai ka samo littafin lambobin kaya na ainihin ƙirar, mai zanen nan da aka warwatsa kowane ɓangare, ka duba inda aka rubuta daga shasi kaza zuwa shasi kaza, sannan ka bi sarƙar sauyin zuwa lambar da ake sayarwa yanzu.

Kik, dinamo da distiributa kuwa, yawanci na Bosch ne, kuma lambar Bosch ɗin ta fi saurin kai ka. Goma ce, ta kik tana farawa da 0 001, ta distiributa 0 231. Boris da sil ɗin mai ma ba sai da lambar mota ba, awo ne. Boris 6203 ramin cikinsa milimita 17, waje 40, kauri 12, ko wane kamfani ya yi shi. Sil kuma ka auna ciki, waje da kauri da kalifa, ma'aunin nan na makanikai. Amma kayan roba, kada ka yi ɗokin wanda aka ce sabo ne fil tun na zamanin motar, roba tana bushewa a cikin kwali, ka nemi sabon yi.

Alhaji, ka turo hoton lambar shasi, ta injin, ta jikin tsohon kik ɗin, da adadin haƙoran da ka ƙirga. Tsohon kik ɗin kada ka jefar, da shi za a gwada wanda zai zo.