Wuni ɗaya a fadar sarakunan Sin da ke Beijing

Malam, ka tambaya ko wuni ɗaya zai ishe ka zaga fadar, da abin da za ka lura da shi a ginin. Zai isa in ka yi sammako. Ka sayi tikiti ta intanet tun da wuri da lambar fasfonka, kuma ka guji Litinin, don galibi a rufe take.

Ta ƙofar kudu ake shiga, a fita ta arewa. Sarki Yongle ne ya sa aka gina ta tsakanin 1406 da 1420, sarakuna 24 suka zauna a ciki. Kada ɗaukar hoto ya shagaltar da kai, ɗaga kai ka dubi rufi. Ruwan ɗorawa da za ka gani a kansa launin sarauta ne. A kusurwar rufin akwai 'yan gumakan dabbobi a jere, yawansu ke nuna darajar zauren: zauren Taihedian, inda a dā ake naɗin sarki, yana da 10, babu na biyunsa. Manyan randunan tagulla da ke tsakar fada kuwa a dā na ruwan kashe gobara ne, domin ginin katako ne, ya sha cin wuta.

In da sauran ƙarfi a ƙafarka, hau tudun Jingshan da ke daura da ƙofar arewa bayan ka fito, daga can ake hango fadar gaba ɗaya.