Ga ɗan'uwan da ya kasa buɗe gem tun rasuwar abokin wasansa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon da ya sha ya zame masa kaffara. Ɗan'uwa, tun da na karanta tambayarka take cina a rai. Ka ce abokin da kuke buga gem ɗin faɗa na Street Fighter 6 tare ya rasu bayan doguwar jinya, bai fasa shiga gasa ba har ƙarfinsa ya ƙare. Ka ce yanzu ko buɗe gem ɗin ba ka iyawa saboda sunansa na nan a jerin abokanka, kana tambaya ko ka goge shi, da kuma ko hauka ne mutum ya yi ta kuka a kan wanda bai taɓa gani ido da ido ba. Kada ka goge. Kuma wallahi ba hauka ba ne. Mutumin da ka san yadda yake numfashi a lasifika idan jinin ɗan wasansa na cikin gem ya kusa ƙarewa a zagaye na ƙarshe, ka san lokacin da zai yi tsalle tun kafin ya yi, wa zai ce maka ba ka san shi ba?

Tsofaffin 'yan zauren nan sun san wanda zan yi magana a kansa, ba sai na kama suna ba. Mu ma namu abokin wasan ne, kansar hanji ce ta ɗauke mana shi. Abin da da yawanku ba ku sani ba shi ne abin da maganin ya yi wa hannunsa. Cikin ruwan da ake ƙara masa akwai wani da ake kira oxaliplatin, mai taɓa jijiyoyin yatsu. Kan yatsunsa suka mutu, ba ya jin maɓalli a ƙarƙashinsu, kuma ko abu mai sanyi ya taɓa sai ya ji kamar lantarki ya ja shi. Mutumin da ya shekara da shekaru yana buga Classic, wato tsarin da sai ka juya sanda ka danna maɓalli kafin bugu na musamman ya fita, kwambo (jerin bugu a haɗe) na fita a hannunsa ba tare da ya yi tunani ba, sai ga shi yana juya sanda Hadoken, ɗaya daga cikin bugun na musamman, ta ƙi fita. Ya taɓa kunna mana kyamara muna kallo yana murza tafukansa a cikin bargo kafin ya ɗauki hannun gem, ya buga zagaye biyu, ya ajiye, ya sake murzawa. Bai yi ƙorafi ba. Komawa Modern kawai ya yi, wato tsarin da ake iya fitar da bugu na musamman da maɓalli ɗaya, ya fara koyo daga tushe kamar sabon shiga.

To a nan ne abin da har gobe ban huce ba ya faru. Akwai wani a cikin tawagarmu, ya san halin da ake ciki sarai, har da ranakun zuwa asibiti ya sani. Marigayi ya ci shi a wasan gwaji kafin wata gasar tawaga, cin gaske, ba na sa'a ba. Sai mutumin nan ya shiga Discord, manhajar hira, a bainar jama'a, ya rubuta wai wannan ba ci ba ne, na'ura ce ke buga masa, wai Modern na ragwaye ne kuma zai ja mana abin kunya. Bai tsaya nan ba, ya bi shugaban tawaga ta bayan fage har aka cire sunan marigayi aka sa wani. Ina kan layi lokacin da marigayi ya ga sabon jerin. Shiru ya yi, dogon shiru, ina jin ƙarar fankarsa kawai. Sannan ya ce ba komai, Allah ya ba su sa'a, ya tambaye ni ko ina da lokaci mu ɗan buga. Muka buga. Ni hawaye ya hana ni ganin allo, shi kuwa yana ta gyara min inda nake sakin gadi. Wannan ita ce gasar ƙarshe da yake da ƙarfin shiga, kuma an hana shi.

Kuma maganar mutumin ma ƙarya ce. Duk wanda ya taɓa Modern ya san ba kyauta ake ba ka ba: idan ka fitar da bugu na musamman da maɓalli ɗaya ana rage masa ƙarfi da kashi 20 cikin 100, sannan akwai bugunan da ba ka da su gaba ɗaya. Haitani, gogaggen ɗan Japan, da Chun-Li (ɗaya daga cikin 'yan wasan gem ɗin) ta Modern ya kai cikin shida na ƙarshe a babbar gasar Evo ta 2023 a Las Vegas. Shi ma rago ne? Abin da ya fi ƙona min rai, ranar da aka yi rasuwar wannan mutumin ne ya fi kowa dogon rubutun ta'aziyya, har da hoto da baƙin zare. Na karanta, hannuna na rawa. Na yi ta roƙon Allah ya sa in yafe masa, har yanzu ina kan roƙon.

Yi haƙuri, na kauce. Abin da nake so ka yi yau ɗin nan, ko da ba ka iya kallo ba: ka ceci wasannin abokinka. Maimaicin da ke cikin gem ba bidiyo ba ne, da zarar Capcom, kamfanin da ya yi gem ɗin, ta yi babban sabuntawa tsofaffin kan daina buɗuwa. Ka kunna su ka naɗa da manhajar OBS idan kwamfuta ce, ko da maɓallin Create idan PS5 ce. In zuciyarka ba za ta ɗauka ba, ka ba wani cikinmu lambarsa ta cikin gem ya naɗa maka. Saƙonnin muryarsa ma ka sauke su ka adana a wuri biyu. Mu wasu sun kuɓuce mana, babu yadda za a yi su dawo.

Marigayin namu shi ya fara nuna min BrolyLegs, Michael Begum na jihar Texas a Amurka. An haife shi da ciwon arthrogryposis, gaɓoɓinsa a sandare, yana kwance rub da ciki yake tura sanda da kuncinsa, yana danna maɓalli da harshe, kuma a haka ya zama na ɗaya cikin masu buga Chun-Li ta intanet a Ultra Street Fighter IV. Ya rasu a watan Maris na 2024 yana da shekara 35, kuma mutanen da ba su taɓa haɗuwa da shi ba sun yi kuka a ƙasashe da yawa. Haka Technoblade na Minecraft da sankara ta kashe a watan Yuni na 2022 yana da shekara 23, mahaifinsa ne ya karanta wa duniya saƙonsa na bankwana. Ba kai kaɗai ba ne, ɗan'uwa.

Idan kana da hanyar samun iyalinsa, ka neme su. Sau da yawa iyaye ganin yaronsu kawai suke yi a ɗaki da hannun gem, ba su san akwai mutanen da ke jiran shigowarsa kowane dare ba. Da muka tura wa mahaifiyar namu bidiyon wani wasa da ya ci, inda ake jin dariyarsa a ƙarshe, ƙanwarsa ta ce kullum sai an kunna mata.

Kada ka tilasta wa kanka komawa gasa, kuma kada ka bari wani ya ce maka ai shi da yana nan zai so ka ci gaba. Su bar shi ya huta. Amma idan ka ga barci ya ƙaurace maka, abinci ba ya shiga, makonni na wucewa a haka, ka ga likita, ba abin kunya ba ne. Ku ma sauran 'yan zaure, don Allah wanda ya ga jini a bayan gida, ko yana ramewa ba dalili, ya je a duba shi. Namu ya daɗe yana cewa basir ne, don yana ganin shi yaro ne, alhali kansar hanji na ƙaruwa a tsakanin waɗanda ba su kai 50 ba.

Ranar da ka ji za ka iya riƙe hannun gem, ka turo min lambarka ta akwatin sirri. Ba wasan neman maki ba, ɗaki za mu buɗe mu biyu, in ka ji ba za ka iya ba a tsakiyar zagaye ka ajiye kawai, zan jira ka.