Takardar haihuwa ta biyu ba za ta samo maka magani ba, ɗana

Wasiƙar wannan mako ta zo ne daga wani ɗan Garwa ta Kamaru da ke aiki a Liyon, ƙasar Faransa. An haife shi mata-maza, aka raɗa masa sunan mace, aka rene shi a ɗakin mata. Da ya balaga murya ta buɗe, gemu ya fito. Yau yana zaune a matsayin namiji, likita kuma ya ce jikinsa na buƙatar allurar sinadarin maza a kai a kai. Damuwarsa ita ce lambar inshorarsa ta fara da 2, alamar mace. Wani dillali ya ce masa da wannan lamba ba za a biya masa maganin ba, amma in ya kawo yuro 1,500 zai sa a fitar masa da sabuwar takardar haihuwa daga gida da sunan namiji. Kawunsa kuma na matsa masa ya daina "ɓarnar kuɗi", ya dawo a ɗaura masa aure a matsayin 'ya mace.

Ɗana, kada ka ba mutumin nan ko sisi. Kuɗin da yake nema ya kusa sefa miliyan ɗaya, kuma abin da zai saya maka da shi igiyar rataye kanka ce. Ofishin da ya ba ka katin zama yana riƙe da takardar haihuwarka ta farko. Hukumar inshorar lafiya ma da ita ta buɗe maka lamba. Ranar da ta biyu ta shiga hannunsu, ka zama mutum biyu a kwamfuta ɗaya, kuma a wurinsu wannan sunansa takardar jabu. Na ga wani yaro ɗan Marwa da aka yi wa irin wannan gyara a kan shekarun haihuwa kawai. Ya je sabunta katinsa, ma'aikaciyar ta jera takardun biyu a kan tebur, ta juya masa su ya gani da idonsa. Bayan makonni kaɗan wasiƙar barin ƙasa ta same shi. Dillalin kuwa ya canza lambar waya tun kafin nan.

Abin da dillalinka ya ɓoye maka shi ne ba lambar ce ke yanke hukunci ba, rubutun likita ne. Tunda kana da katin zama kuma kana aiki, haƙƙinka a Assurance Maladie, wato inshorar lafiya ta ƙasa, a buɗe yake, ƙarƙashin PUMa, tsarin kariyar lafiya na bai-ɗaya da ya fara aiki a 2016. Matakin da ya rage maka shi ne ALD, wato rajistar jinya mai tsawo. Likitan da ka zaɓa ya zama mai bin lafiyarka shi zai cike takardar tsarin magani, ya aika wa likitan hukumar CPAM, wato ofishin inshorar lafiya na yankinka. In aka amince, allura da gwajin jini da ganin likitan sinadaran jiki duk za a biya su ɗari bisa ɗari na farashin da hukuma ta ƙayyade. Ta wannan ƙofa ce masu sauya jinsi ma ke bi, kuma da yawansu suna karɓar magani lambarsu ba ta canza ba. In aka ƙi, kana da wata 2 ka ɗaukaka ƙara. Kada ka bar wasiƙar ƙin a aljihu. Ka nemi layi a asibitin gwamnati, don likitoci masu ƙara kuɗi a kan farashin hukuma ALD ba ya biyan ƙarin nasu. In albashinka kaɗan ne, ka roƙi ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta asibitin ta taya ka neman C2S, wato ƙarin inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi.

Na kuma ji a wasiƙarka kana tunanin sayen allurar a hannun 'yan ɗaga ƙarfe kafin layi ya zo kanka. Ka haƙura. Wannan sinadari yana kaurara jini, shi ya sa ake gwaji kafin a fara da kuma bayan an fara.

Sai maganar kawu, wadda na san ita ta fi hana ka barci. Ni ban ga laifinka ba. Ba kai ka halicci kanka ba, kuma ba yau aka fara haihuwar irinka ba. Malaman fikihu sun daɗe da buɗe babi a kan mata-maza, har da rabonsa na gado, suna duba alamomin da suka bayyana bayan balaga. Abin da malamai suka zauna suka tattauna da natsuwa, don me za a mai da shi abin kunyar da sai an rufe da aure? A ɗaura maka aure da wani bawan Allah a ɓoye masa gaskiya, an cuce ka, an cuce shi. Kawu yana tsoron bakin unguwa ne, na fahimta, amma bai kamata jikinka ya biya wannan tsoro ba. Kuɗin da kake turowa gida duk wata ka ci gaba da turawa gwargwadon ƙarfinka. Asalin takardar haihuwarka kuwa, in tana hannun kawu, ka sa wani amintacce ya karɓo maka kwafi daga ofishin magajin gari, ka daina roƙonsa. Likitocinka a can doka ta hana su faɗa wa kowa sirrinka, ko da ɗan'uwa ne.

Mahaifiyarka ka ware ta daban. Ita ta yi maka wanka kana jariri, ta riga kowa sanin yadda kake, kuma shekaru take ɗauke da abin a ranta ita kaɗai. Kada labari ya riƙa kai mata ta bakin kawu. Ka kira ta da kanka bayan sallar asuba, lokacin da tsakar gida babu kowa, ka gaya mata abin da likita ya ce da Hausar da za ta gane. Idan amsar CPAM ta fito, ka rubuto mini abin da ke cikinta.