Ƙanena ya bar sallah, unguwa kuma ta juya mana baya

TAMBAYA:

Assalamu alaikum Hajiya, ina gaisuwa, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ɓoye sunana. Ni daga Gusau nike, zawarci nike yi gidanmu, ni da Inna da ƙanena wanda ke bi mani, babanmu ya rasu shekara 6 ke nan. Ƙanen nan nawa shi ya yi boko mai zurfi cikinmu, ya gama jami'a ya yi bautar ƙasa can kudu, yanzu gyaran waya yake yi a shago, shekarunshi 31 bai yi aure ba. Tun da ya dawo na lura sallah ta fara yi mishi nauyi, da farko asuba ce, daga baya har Juma'a sai ya saɓa sallaya ya fita kamar mai zuwa masallaci ashe shago yake tafiya ya kulle kanshi ciki. Ran da na tsare shi sai ya ce mani, Yaya ni fa ban ƙara yarda da komi ba, kuma ba ni son in yi maki ƙarya. Wallahi Hajiya daren nan ban runtsa ba.

Ni kaɗai ya faɗa ma, to amma wani maƙwabcinmu ya ga abin da ya rubuta a Facebook ya ɗauki hotonshi ya jefa gurup ɗin matasan unguwa, shi ke nan magana ta watsu, sai kuma anka ƙara da cewa ai ɗan luwaɗi ne tunda ya ƙi 'yan mata biyu da Inna ta nuna mishi kuma akwai abokinshi da kan zo ya kwana ɗakinshi na zaure. Ni ban ga komi ba, ban kuma tambaye shi ba, tsoron amsar nike ji. Awara nike soyawa ƙofar gida, da kwano uku na waken suya nike yi a rana, yanzu ko ɗaya sai ta kwana. Azumin da ya wuce ko kwano ɗaya bai shigo gidanmu ba, wanda munka aika gidan da ke jikin bangonmu ma an maido shi a rufe yadda ya tafi. Uwar adashi ta maido mani kuɗina. Liman ya aiko yana son ganin Inna, kawunmu kuma ya ce a kore shi ko a kai shi Hisba. Ni ina sallata ina son addinina, amma ni na goye yaron nan. Mi zan yi?

Wata baiwar Allah, Gusau

AMSA:

Wa'alaikumussalam 'yata, sannu. Wajen kwanon nan da aka maido a rufe na daɗe ban wuce ba, don na san abin da wannan yake nufi ga tsohuwa irin Innarku wadda ta yi shekaru tana zuba wa maƙwabta abincin shan ruwa.

Amma bari in fara da abin da ya fi awara da adashi, wato ransa da naku. Ke 'yar Zamfara ce, ba sai na ba ki labarin Talata Mafara ba. A watan Agusta na 2016 aka zargi wani ɗalibi da ɓatanci, aka yi masa duka, wani bawan Allah ya ɗauke shi ya kai asibiti, sai gayya ta koma gidan mai taimakon ta cinna wuta, mutum 8 suka mutu, kuma ba su ne aka zarga da faɗin komai ba. Saboda haka yau ɗin nan, ba gobe ba, ki zauna kusa da shi har ya goge rubuce-rubucen nan ya rufe shafin, ya kuma daina musun addini a majalisa ko a shago ko da wasa. In ya ce maki tsarin mulki ya ba shi 'yanci, gaskiyarsa, sashe na 38 ya ba kowa 'yancin tunani da addini, sai dai ki tuna masa Mubarak Bala da aka kama a 2020 kan abin da ya rubuta a Facebook, kotu a Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022, sai a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5. Shi ma ɗin ya yi sa'a kotu ya isa, gayya ba ta karanta sashe.

Sai kuma ki raba magana biyu da unguwa ta haɗa maki wuri ɗaya. Ta farko shi ya faɗa maki da bakinsa. Ta biyun zato ce tsagwaronta. Yaushe kwanan samari a ɗakin zaure ya zama hujja a ƙasar Hausa? Mu da muka tashi muka ga samari biyar shida a tabarma ɗaya. Rashin aure a shekara 31 kuwa, a je a ƙirga gwauraye nawa lefe da kuɗin haya suka zaunar a layinku kaɗai. Masu yaɗa zancen nan da sunan kishin addini su buɗe Risala da ake karantawa a zaurukanmu, a ciki an ce wanda ya kira wani ɗan luwaɗi to haddin ƙazafi ya hau kansa, bulala 80 ke nan, kuma aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana yawan zato da bin diddigin mutane da giba, duk a numfashi ɗaya. Ni dai ban taɓa jin an ba gurup ɗin WhatsApp alƙalanci ba.

Ke ma kada ki titsiye shi da tambayar. In wata rana ya buɗe maki cikinsa, ko me ya faɗa ki binne shi a naki cikin, domin dokar tarayya ta 2014 ta sa ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, ga kuma dokokin shari'a da jiharku ta fara aiki da su tun 2000, sunan nan kaɗai in ya manne wa mutum ya isa ya jawo masa abin da ba a so. Kuma don Allah ku cire tunanin yi masa auren dole don a rufe bakin mutane, na ga gidajen da aka yi haka, 'yar mutane ce take shan wuya, wata shida ta kwaso kayanta ta zo da sabon labari ta ƙara kan tsohon.

Kawunku kuwa ki je ki durƙusa ki ba shi haƙuri ki ce a'a. Kai shi Hisba tamkar ku da kanku kun sa hannu ne a kan jita-jitar, kuma in magana ta shiga ofis ba ku ne za ku ce ta tsaya nan ba. Imani ma ba a ɗura shi kamar magani. Annabi Nuhu alaihis salam da kansa yana kan jirgi yana kiran ɗansa, ya ɗana hau tare da mu, ɗan ya ƙi, amma dubi kalmar da ya kira shi da ita. Ki ci gaba da sallarki da addu'arki, ki ci gaba da zuba masa tuwo. Yaron da ya ce ba ya son ya yi maki ƙarya bai gama da ke ba, kuma in akwai ranar da zai saurari wani to ke ce, ba masu zaginsa ba.

Kiran liman ku amsa, kar ku bari ya aiko sau biyu. Ki raka Inna, ku tafi da dattijo ɗaya da ake jin kunyarsa a unguwa, shi ƙanen ku bar shi gida. Ba sai kun yi ƙarya ba, ba kuma sai kun zazzage masa sirrin da aka ba ki amana ba, ku ce yaronmu ne muna fama da shi a taya mu da addu'a, sannan ku roƙe shi abu ɗaya, ya tsawatar wa matasan nan, ya tuna wa matan unguwa hadisin da Mala'ika Jibrilu ya dinga yi wa Manzon Allah (SAW) wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. Inna me ta yi? Ke me kika yi? Liman mai hankali in aka girmama shi aka je da wuri yakan kashe wuta tun tana ƙarama, in kuma kuka ga shi ne ma mai hura ta, to kun san inda kuka tsaya.

In ko kin fara jin jifa a kan kwano da dare, ko baƙin fuska suna tambayar shagonsa, kar ku jira komai, ya tattara kayan aikinsa ya koma can inda ya yi bautar ƙasa ko wani babban gari, gyaran waya ko'ina ana cin abinci da shi, ku ce ya tafi neman kuɗi, kuma ba ƙarya kuka yi ba. Ki ajiye masa kuɗin mota a gefe tun yanzu, kuɗin adashin nan da aka maido ma sun isa.

Awara kuma ki ɗauke kaskonki daga ƙofar gida na ɗan lokaci ki koma bakin tasha ko wajen wata makaranta inda mai saye ba ya tambayar ƙanen wa ya yi me. Ki sake rubuto mani bayan kun ga liman, ki gaishe mani da Inna, kuma a kai ta a auna mata jini, irin wannan damuwar tsofaffi ba sa faɗa.