Wasa yana farawa lafiya, can sai ya koma tsinkewa: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da laftop mai furosesa Core i5, katin hoto GTX 1650 da RAM 8GB. Ina buga Fortnite da abokaina ta intanet. Da farko wasan yana tafiya sumul, FPS yana kai 60 zuwa 70, amma bayan kamar minti 15 sai ya faɗo 25, hoto ya riƙa tsayawa yana tafiya. Na canza intanet, babu sauƙi. Wani aboki ya ce in ƙara RAM. In saya ne, ko kwamfutar ce ta tsufa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka dakata da sayen RAM tukuna. Amsarka tana cikin tambayarka, a inda ka ce wasan yana farawa lafiya sannan ya lalace bayan minti 15. Kwamfutar da ba ta da ƙarfin ɗaukar wasa tun daga farko take nuna gazawa. Wadda ta fara da 70 ta koma 25 kuwa tana da ƙarfin, wani abu ne yake danne ta daga baya, kuma a laftop mafi yawan lokuta zafi ne.

Kafin mu je ga zafin, bari in raba maka abubuwa biyu da 'yan wasa suke yawan haɗawa. FPS shi ne adadin hotunan da kwamfutarka take zanawa a kowane sakan. Idan 60 ne, kowane hoto yana da kimanin milisakan 16.7 a gama shi. Idan 30 ne, milisakan 33. Wannan aikin furosesa da katin hoto ne. Ping kuma lokacin da saƙo yake ɗauka ya je saba, wato babbar kwamfutar da take haɗa 'yan wasa, ya dawo, shi ne na intanet. Idan ping ne ya lalace, hoton yana nan sumul, sai dai ka ga abokin karawa ya ɓace ya ɓullo a wani wuri, ko ka yi gaba a jawo ka baya, ko ka yi harbi bai shiga ba. Idan FPS ne, duk allon yake yin nauyi, har juya linzami sai ka ji kamar ana riƙe hannunka. Shi ya sa canza intanet bai amfane ka ba.

To ga abin da nake zaton yana faruwa. An ƙera furosesa da katin hoto su kare kansu: da zarar zafi ya kusa iyaka sai su rage gudu don kada su ƙone. Yawancin furosesan Intel na laftop iyakarsu digiri 100 ne, katin NVIDIA na laftop kuma yakan ja da baya a wajen digiri 87. A cikin siririn akwatin laftop, su biyun sukan yi tarayya a bututun jan ƙarfe ɗaya da yake kai zafi wurin fanka, don haka zafin ɗaya yana shafar ɗan'uwansa. Mintunan farko ƙarfen yana da sanyi, yana shanye zafin. Da ya cika sai gudu ya faɗi, FPS ya bi shi.

Amma kada ka ɗauki zatona, ka auna. Sauke HWiNFO, manhajar da take nuna zafi da gudun sassan kwamfuta, kyauta ce, ka buɗe sashen Sensors ka bar ta tana aiki, ka shiga wasa har sai matsalar ta zo. Sannan ka fito ka duba mafi girman zafin da aka kai, da layin da aka rubuta Thermal Throttling, wato rage gudu saboda zafi. Idan ya nuna Yes, ko ka ga gudun furosesa ya sauko sosai daidai lokacin da zafi ya haura 95, an gama bincike. Wanda yake son ganin lambobin a kan allo yana cikin wasa, MSI Afterburner tare da RivaTuner suna yin hakan. Ina matsawa a kan aunawa ne saboda yana ba ni takaici in ga mutum ya kashe kuɗi a kan abin da ba shi ne ciwon ba.

Idan zafi ne, fara da abin da ba ya cin ko sisi. Yawancin laftop ta ƙasa suke shaƙar iska, saboda haka ɗora ta a kan katifa, bargo ko cinya toshe mata hanci ne. Sa ta a tebur, ka ɗaga bayanta kaɗan da wani abu mai ƙarfi. Sai ƙura. Laftop ɗin da ta yi shekara biyu ko uku ba a buɗe ta ba, ƙura takan taru tsakanin fanka da ƙananan haƙoran ƙarfen da iska take bi ta fita, har ta zama kamar auduga. Za ka ji fanka tana ihu amma iskar da take fitowa ba ta taka kara ta karya ba. A kashe kwamfutar, a buɗe murfin ƙasa, a cire haɗin batir, a riƙe fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa, a hure da iska. Idan bayan haka zafin bai sauka ba, man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe, sai a goge a sa sabo. Wannan aikin, in ba ka taɓa yi ba, ka kai wa mai gyara da ya san kansa. Kuma in garanti bai ƙare ba, ka duba sharuɗɗansa kafin a kwance ko noti ɗaya.

Akwai wata dabara da nake so ƙwarai, kuma mutane ba su cika yarda da ita ba sai sun gwada: ka ƙayyade FPS da kanka. Idan allonka mai 60Hz ne, hoto 60 kaɗai yake iya nunawa a sakan. Barin kati ya yi ta ƙoƙarin kai 90 a wuraren da ba cunkoso yana tara zafin da za ka biya daga baya. Shiga saitin bidiyo na wasan ka sa iyaka a 60. FPS 60 da ya tsaya cak ya fi daɗin wasa nesa ba kusa ba a kan wanda yake tsalle tsakanin 80 da 25.

Bayan zafi, abu na biyu da zan duba shi ne wuta. Kada ka buga wasa a kan batir. Batir ba ya iya ba da ƙarfin da katin yake nema, kuma manhajar NVIDIA tana da saitin Battery Boost da yakan tsayar da wasa a FPS 30 idan an cire caja. Cajar ma ta zama ta asali ko mai ƙarfinta. Laftop irin taka galibi tana zuwa da caja mai wat 120 zuwa 150. Idan ka sa mai wat 65, za ta nuna tana caji, amma wasa na ɗaukar wuta sai ta gaza, batir ya riƙa zuƙewa, kwamfutar ta rage gudu. Wannan ma yana kawo faɗuwa a tsakiyar wasa. A cikin Windows kuma ka mayar da Power mode zuwa Best performance.

Ka kuma tabbatar wasan yana kan katin da ya dace, domin laftop ɗinka tana da biyu: ƙaramin na Intel da yake cikin furosesa, da GTX ɗin. Shiga Settings, System, Display, Graphics, ka zaɓi wasan ka sa shi a High performance. A wurinka ba na zargin wannan sosai, tunda ƙaramin katin da wuya ya kai ka 70 tun farko, amma minti ɗaya ne duba shi.

Saitin wasan kansa yana rage wa kati nauyi, ya rage zafi tare. Allo mai 1920 da 1080 ɗigo 2,073,600 ne ake zanawa a kowane hoto. 1600 da 900 kuwa 1,440,000, wato an sauke kusan kashi 30 cikin 100 na aikin. Inuwa da hasken da yake dawowa daga ruwa ko gilashi su ne masu cin ƙarfi, su za ka fara saukewa. Fortnite yana da Performance Mode tun Disamba 2020, an yi shi ne don kwamfutoci masu ƙarancin ƙarfi. DLSS kuwa, saitin NVIDIA na ƙara FPS, kada ka wahalar da kanka nemansa, na katunan RTX ne, GTX 1650 ba ta da shi. Sabunta direban kati daga shafin NVIDIA, ka rufe burawuza da duk abin da yake sauke kaya a ɓoye kafin ka shiga wasa.

Yanzu maganar abokinka. Ba ƙarya ya yi ba, 8GB ta yi wa wasannin yanzu kaɗan, ballantana idan Discord da Chrome suna buɗe. Alamarta ita ce ɗan tsayawa na ƙiftawar ido lokaci-lokaci, musamman idan ka shiga sabon wuri a taswira. Danna Ctrl, Shift da Esc tare don buɗe Task Manager, ka duba Memory a shafin Performance yayin da wasa yake tafiya. Idan ta haura kashi 90, ƙari zai taimaka. A nan ne kuma za ka ga gurbin RAM nawa aka yi amfani da su. Idan sanda ɗaya ce mai 8GB kuma akwai gurbi na biyu fanko, ƙara wata 8GB irinta zai ba ka 16GB, ya kuma buɗe hanya biyu tsakanin RAM da furosesa maimakon ɗaya, kuma wasannin da 'yan wasa da yawa suke haɗuwa a fili ɗaya suna jin wannan bambancin. Saye ne mai kyau, amma bayan ka sauke zafin.

Ka fara da HWiNFO yau. Idan ka ga zafi bai wuce 85 ba kuma FPS yana faɗuwa duk da haka, ka sake rubuto mini da lambobin gudun furosesa da na kati kafin faɗuwar da bayanta, da ƙarfin da aka rubuta a jikin cajarka.