Ni ma hadarin nan ya taɓa cinye min iri

Malam, da na karanta tambayarka kan dalilin da wani hadari ke haɗuwa baƙi ƙirin ya watse ba ɗigo, wani kuma ya kwana yana zuba, sai da gabana ya faɗi. Abin da ya same ni ke nan shekara uku da suka wuce a gonata ta wajen Gumel.

Ƙarshen watan Mayu ne. Tun la'asar gabas ta yi duhu, ga walƙiya. Wani maƙwabcina ya rantse yau ruwan shuka ne, har da gori wai boko ya sa min tsoro. Na kwashi yara muka binne gero tiya shida, irin da na hana a taɓa ko lokacin da tsaba ta ƙare a gida. Iska mai sanyi ta taso da jar ƙura, aka yi yayyafin da ya jiƙa saman ƙasa, shi ke nan. Irin ya tsiro ya ƙone. Na tsuguna ina tona ramin da yatsa, tsiron ya bushe kamar zare. Mutumin nan har yau bai ce min sannu ba, kuma sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci.

Baƙin cikin ne ya mayar da ni littattafan labarin ƙasa da nake koyarwa da su. Abincin hadari danshi ne, wanda iskar kudu maso yamma ke kawowa daga tekun Atlantika. A farkon damina danshin bai yi kauri ba, samansa kuma busasshiyar iskar Sahara ce, sai ruwan ya ƙafe kafin ya iso ƙasa. Sanyin da na ji ran nan, ruwana ne ya ƙafe a sama.

Gajimare guda da wuya ya wuce awa ɗaya. Mai dogon rai shi ne wanda ya tarar da iskar gabas mai ƙarfi a sama, wajen kilomita 3 zuwa 4, ta ƙasa kuma tana hurowa ta wata fuskar. Sai sanyin da yake zubarwa ya riƙa ɗaga iska mai ɗumi a gabansa, sabon gajimare na haihuwa tun tsohon bai mutu ba. Irinsa yakan taso daga tsaunukan Jos ko Azbin, ya kwana yana cin ɗaruruwan kilomita zuwa yamma. Wasu ma sukan wuce Dakar su faɗa teku, in ruwan ya kai zafin digiri 26 zuwa 27 su rikiɗe guguwar da muke ji ta afka wa Amurka.

Don Allah kada duhun gabas ya sa ka shuka. Tona ƙasa, danshi ya kai kamu ɗaya tukuna. Raba irinka biyu. Ka riƙa sauraren hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, a rediyo, kuma ka yi nesa da masu rantsuwa kan abin da ke hannun Allah. In naka irin ya ƙare ka yi min magana, akwai ragowar tiya biyu a wurina.